Yadda ake haɗa ampili da lasifika a mota, daga kan batir har zuwa wufa

Ampili, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, ba ya ƙirƙirar ƙarfin da kansa. Wutar da batir da altanata suka ba shi ita yake juyawa ta zama sauti, saboda haka rabin aikin kiɗan mota aikin waya ne. A nan arewacin Kamaru kuwa, daga Ngaundere zuwa Garwa, Marwa har Kuseri, akwai ƙarin abu uku da suke cin kayan sauti: zafin watan Maris zuwa Mayu da yake wuce digiri 40 daga Garwa zuwa arewa, ƙurar hunturu, da jijjigar hanya. Haɗin da zai yi shekaru a ƙasar sanyi yana iya mutuwa a nan kafin damina ta zagayo, in an yi shi da ganganci.

Za mu bi misali ɗaya har ƙarshe don lissafi ya fito fili: ƙaramar mota irin Corolla, da ampili ɗaya na wufa (babbar lasifikar bugu) mai 500 W a kan om 2 (om ma'aunin turjiyar lasifika ga wuta ne), da wani mai hanya huɗu da yake ba kowace lasifikar ƙofa 50 W, sai wufa ɗaya mai inci 12.

Kafin ka biya kuɗi

Lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a kwali, 3000 W ko 5000 W, ba da ita ake aiki ba. Nemi inda aka rubuta RMS, shi ne ƙarfin da ampili zai iya bayarwa a kai a kai. In babu RMS a ko'ina, juya ampilin ka duba fiyus ɗin da ke jikinsa. Tara amfiyarsu, ka ninka da 14, sannan ka ɗauki kashi uku cikin huɗu in ampilin nau'in Class D ne, ko rabi da ɗan ɗori in Class AB ne. Ampili mai fiyus biyu na 25 A, wato 50 A, ba zai wuce wajen 500 W ba ko da mai shago ya rantse. Wanda yake da fiyus ɗaya na 20 A kuma aka rubuta masa 4000 W, ka san inda ka tsaya.

Duba motar ma. Da injin a kashe, batir mai lafiya yana nuna kusan 12.6 V a mita. Da injin yana aiki, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4. In bai kai haka ba, a fara gyara caji tukuna. Masu manyan motoci da ke bin hanyar Ngaundere zuwa Njamena, da masu wasu tsofaffin Land Cruiser na gazwal, su lura: wutarsu 24 V ce. Ampilin 12 V zai ƙone nan take a kanta. Ɗaukar wuta daga batir ɗaya cikin biyun kuma yana kashe batiran duka a hankali, domin ɗaya yana raguwa, ɗaya yana cika fiye da kima. Na'urar rage wuta daga 24 zuwa 12 mai isasshiyar amfiya ake sa wa.

Lissafin waya da fiyus

Ampilin wufa Class D yana mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na wutar da ya ja zuwa sauti. Don ya ba da 500 W sai ya ja 625 W. Raba da 13.8, ka samu 45 A. Mai hanya huɗun Class AB ne, kusan rabin wutarsa a zafi take tafiya: 200 W ɗinsa yana jan wajen 26 A. Jimla 71 A ke nan idan an ƙure su. Kiɗa ba ya tsayawa a ƙure, yana hawa yana sauka, amma waya da ƙurewar ake auna ta.

Daga batir zuwa but kusan mita 5 ne. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 25 mm² za ta zubar da kusan 0.25 V kawai a wannan tsawon. Mai 10 mm² za ta zubar da 0.6 V kuma ta yi ɗumi. Abin da aka rubuta wa "4 gauge" kusan 21 mm² ne, "8 gauge" kusan 8 mm², "0 gauge" kuwa ya ɗan haura 50 mm². Don misalinmu, 25 mm² ko 4 gauge na gaske ya isa.

Kalmar "na gaske" ita ce matsalar kasuwa. Yawancin kunshin wayar da ake sayarwa a leda alminiyam ne da aka shafa wa jan ƙarfe, an lulluɓe shi da roba mai kauri don ya cika ido. Yanke ɗan guntu ka kalli bakin: in tsakiyar silin fari ne kamar cokali, alminiyam ne. Ɗaga shi a hannu, za ka ji ba nauyi. Sa ashana a sili ɗaya, zai lanƙwashe ya narke, alhali jan ƙarfe ja kawai zai yi. Irin wannan waya kusan kashi 60 cikin ɗari na wutar jan ƙarfe take ɗauka, kuma tana yin farin gari a bakin kos, wato ƙarfen da ake matsewa a ƙarshen waya, in danshi ya taɓa ta. In ita kaɗai ka samu, ƙara kauri mataki ɗaya. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka je wurin masu sayar da kayan walda ka sayi kebul ɗin walda na jan ƙarfe a mita: yana da laushi, yana jure zafi, kuma kaurin da aka rubuta yawanci shi ne.

Babban fiyus waya yake karewa, ba ampili ba. In robar waya ta goge a ƙarƙashin kafet ta taɓa ƙarfen mota, batir zai tura ɗaruruwan amfiya cikin daƙiƙa, wayar ta zama garwashi daga gaba har baya. Don haka fiyus yana zama kusa da kan batir, tazarar da ba ta wuce santimita 45 ba, in ya samu 20 ma ya fi. Ga waya 25 mm² da kaya masu jan 71 A, sa fiyus na 80 ko 100 A. A but, inda wayar za ta rabu biyu zuwa masu 10 mm², sa akwatin rabawa mai nasa fiyus: 50 A ga ampilin wufa, 30 ko 40 A ga ɗayan. Duk inda waya ta sirance, tana buƙatar fiyus daidai da sirancinta. Fiyus ɗin da ya ƙone kuma ba a ɗaure shi da silin waya ko takardar sigari. An sha ganin abin da hakan ke jawowa.

Jan wayoyi

Cire kan batir na − tukuna, da sifana lamba 10 a yawancin motocin Japan, ka kawar da shi gefe inda ba zai dawo ya taɓa ba. In rediyon na asali ne mai neman lambar sirri bayan an cire wuta, tabbatar kana da lambar.

Nemo robar da wayoyin mota suke ratsawa daga ɗakin injin zuwa cikin mota, galibi bayan akwatin gaban fasinja ko sama da fedar kuloci. Huda gefenta da tsinke, ka shafa wa wayar ɗan ruwan sabulu, ka zura. In dole sai an huda ƙarfe, leƙa ɓangarorin biyu kafin ka sa dirili, sannan ka sa zoben roba a ramin. Waya a kan tsiraicin bakin ƙarfe, da irin ramukan hanyar Mora zuwa Kuseri, wata biyu ya ishe ta yankewa. A ɗakin injin sa mata bututun roba mai tsaga, ka nisanta ta da bututun hayaƙi, da fanka, da sandar sitiyari. Kada ka saka fiyus ɗin a gidansa yanzu; shi ne abu na ƙarshe.

Cikin mota, ɗaga robobin bakin ƙofa ka bi da babbar waya ta gefen da batir yake. Wayoyin RCA, masu ɗauko sauti daga rediyo, su bi ɗaya gefen. In dole su haɗu, su gitta juna kamar alamar tarawa, kada su jera. Ɗaure kowace waya duk bayan santimita 30 zuwa 40. Duk soket ko waya mai rawaya da ka gani ƙarƙashin kujera ko jikin sitiyari, ta jakar iskar kariya ce. Ba a taɓa ta, ba a gwada ta da fitilar gwaji.

Bayan rediyo, launukan da aka saba a rediyon kasuwa su ne: rawaya wutar batir ta dindindin, ja wutar makulli, baƙi mas, wato wayar − da ake ɗaurewa a ƙarfen mota. Fari lasifikar gaba ta hagu, ruwan toka gaba dama, kore baya hagu, shunayya baya dama, kuma mai ratsin baƙi a kowane launi shi ne −. Wadda kake nema ita ce shuɗiya mai ratsin fari. Ita ce take zuwa bakin da aka rubuta wa REM a jikin ampili ta tada shi. Shuɗiya zalla a rediyo da yawa ta eriya ce, tana ba da wuta ne kawai in ana jin tasha. Wanda ya ɗauki wannan zai ga ampili yana aiki a FM, ya mutu da zarar an koma USB. Siririyar waya 0.75 mm² ta isa REM. Kada a haɗa REM kai tsaye da +12V a jikin ampili. Ampilin zai zauna a kunne ko an kashe mota, kuma da safe sai an tura motar.

In rediyon ba shi da mafitar RCA, ɗauki sauti daga wayoyin lasifikar baya zuwa mashigar da aka rubuta wa HIGH INPUT a ampili, ko ka sa ƙaramar na'urar da ke mayar da shi RCA.

Mas

A nan ne aka fi yin sakaci, kuma daga nan yawancin kuka da ƙonewa suke fitowa. Duk wutar da ta shiga ta babbar waya ta mas za ta koma, don haka kaurinsu ɗaya. Tsawonta kada ya wuce rabin mita. Nemi ƙarfen gangar mota mai kauri, ba falle mai lanƙwasa ba, ba kuma ƙofar but ba. Kankare fenti da sanfefa, faɗin kwabo babba, har ƙarfen ya yi ƙyalli kamar sabon faranti. Sa kos mai zobe da aka matse da kyau, ka ɗaure da noti da wasa mai haƙora, ba da ƙaramin sukurun katako ba. Leƙa ƙarƙashi kafin ka huda, tankin mai da bututun birki suna wajen. Bayan an ɗaure, shafa giris ko fenti a kai saboda tsatsa. Motar da take ratsa mayo, wato kogi, a Marwa da damina tana jiƙa inda ba ka zato. Notin bel ɗin kujera ba wurin mas ba ne: akwai fenti da gam a zarensa, kuma aikinsa ya fi kiɗa muhimmanci. Ampili biyu su yi mas a wuri ɗaya.

Matse kos da guduma a kan dutse yana barin sili a sake. In babu abin matsewa, matse a bakin bais, ka ja da ƙarfinka. In ya motsa, sake. Dalma ita kaɗai ba ta riƙe babbar waya a motar da ke jijjiga.

Inda ampili zai zauna

Yana son iska. Bar masa akalla santimita 5 ta kowane gefe, fikafikan sanyayawarsa suna sama, kada a kife shi, kada a rufe shi da kafet ko buhu. Ɗaure shi a kan allon katako, allon kuma a jikin mota, don gangar ampili kada ta taɓa ƙarfen mota. Jikin akwatin wufa ba wuri ba ne mai kyau, bugun yana sassauta kayan cikinsa. Ƙarƙashin kujerar gaba yana samun sanyin AC, amma ɗaga shi daga ƙasa saboda ruwan wanki. A Kuseri ko Njamena cikin watan Afrilu, but ɗin motar da ta wuni a rana tanda ce. Ƙaramar fankar kwamfuta mai 12 V da aka haɗa ta rile (makunnin da wuta ke kunnawa) daga REM tana hana ampili ɗaukewa.

Om, da yadda ake haɗa lasifika

Kowane ampili yana da mafi ƙarancin om da zai iya ɗauka, a rubuce a takardarsa. Sauka ƙasa da shi, ya yi zafi ya ɗauke, ko ya ƙone. Haɗi iri biyu ne. In ka haɗa + da +, − da −, om yana raguwa: biyu masu om 4 su zama 2. In ka jera su, − na farko ya shiga + na biyu, om yana ƙaruwa: su zama 8.

Wufarmu mai nadin waya biyu ce a cikinta, kowane nadi om 4, shi ya sa take da bakin waya huɗu. Haɗa jajayen biyu wuri ɗaya, baƙaƙen wuri ɗaya, ka samu om 2, daidai inda ampilin yake ba da 500 W ɗinsa. Da wufa biyu irin wannan ne, abin da zai fito om 1 ne ko om 4, babu 2. Shi ya sa ake zaɓen ampili da wufa tare. Kada a bar nadi ɗaya a sake. Auna da mita kafin ka haɗa: za ka ga lamba ƙasa kaɗan da ta takarda, kamar 1.7 maimakon 2, wannan daidai ne. In kuma ampili mai hanya biyu za ka haɗe ya zama hanya ɗaya, inda aka rubuta BRIDGED, mafi yawansu om 4 suke so a nan, ba 2 ba. Wannan kuskuren ya kashe ampili ba adadi.

Wayar wufa 2.5 zuwa 4 mm², ta ƙofofi 1.5 mm². Zuwa ƙofa, bi ta cikin robar da ke tsakanin ƙofa da gangar mota. Tuwita, ƙaramar lasifikar siririn sauti, ba ta shan sauti kai tsaye, sai ta akwatin tacewarta ko ɗan kafasitan da ya zo da ita.

In launin waya ya rikice, ɗauki batirin tocila mai 1.5 V ka ɗan taɓa wayoyin biyu. In fatar lasifika ta turo waje, wayar da ke kan + ɗin batirin ita ce +. Lasifika ɗaya da aka juya tana cinye bugun 'yar'uwarta, sauti ya zama holoƙo. Ba a yi wa tuwita wannan gwajin.

Akwatin wufa mai inci 12 rufaffe yawanci lita 28 zuwa 35 yake so, amma takardar wufar ita ce alƙali. Ciki mai 40 × 35 × 25 santimita lita 35 ne, ka cire wajen 3 da wufar kanta za ta cinye. Katako mai kaurin milimita 18, gam a kowace gaɓa, sukuru duk santimita 10. Danna fatar a hankali da tafin hannu: in ta dawo a sannu, akwatin ya rufu, in ka ji iska tana tsiyaya, toshe. A ɗaure akwatin da bel ko ƙarfe, kada ya zama makami ranar da aka taka birki.

Tada wuta da saita GAIN

Haɗa a jikin ampili: GND (mas) tukuna, sai +12V, sai REM, sai RCA. Duba kada sili ko ɗaya ya leƙo ya taɓa maƙwabcinsa. Juya GAIN zuwa ƙasa gaba ɗaya, BASS BOOST a sifili. Mayar da kan batir, sa fiyus, kunna rediyo. Fitilar POWER ta kama, PROTECT ta mutu.

GAIN ba maɓallin ƙara murya ba ne. Aikinsa daidaita ampili da ƙarfin siginar rediyo. In an murɗa shi ya wuce, ampili yana yanke kan igiyar sauti, nadin lasifika ya yi ta zafi har ka ji warin ƙonannen fenti. Ƙaramin ampili da aka ƙure yana ƙona wufa sarai.

Da mita ake yi. Ninka wat da om, ka ɗauki tushen lambar a kalkuletar wayarka. Wufa: 500 × 2 = 1000, tushensa 31.6 V. In wufar 400 W RMS ce kawai, da lambarta za ka yi: 400 × 2 = 800, wato 28.3 V. Ƙofofi: 50 × 4 = 200, wato 14.1 V. Cire wayoyin lasifika daga ampili. Tada injin. A rediyo mayar da bass da treble sifili, kashe LOUD, kai murya kashi uku cikin huɗu, misali 30 in ƙarshensa 40 ne. Sa sautin gwaji ta USB, 50 Hz ga wufa, 1000 Hz ga ƙofofi, matatun ampili a buɗe. Mita a kan AC, tsinkayenta a mafitar lasifika. Murɗa GAIN sannu a hankali har lambar ta kai, ka tsaya. Daga ranar, 30 ita ce iyakar muryar motar.

Sai matatu. Ga ƙofofi sa HPF, matatar da ke tare bugu, a 80 Hz, don ƙananan lasifika su huta da bugun da ba za su iya ba. In inci 4 ne, ɗaga zuwa 100 ko 120. Ga wufa sa LPF, matatar da ke barin bugu kaɗai ya wuce, a 80 Hz. In kana jin muryar mawaƙi daga but, ya yi sama. Akwati mai rami yana son SUBSONIC wajen 25 zuwa 30 Hz. Maɓallin PHASE kuwa kunne ne yake yanke hukunci: zauna a kujerar direba, wani ya juya tsakanin 0 da 180, ka bar shi inda ganga ta fi cika. BASS BOOST a bar shi inda yake. Ƙarin 6 dB yana neman ninkin wuta huɗu, ampilin kuma ba shi da ita.

In abu ya ƙi

Ampili bai kama ba: auna tsakanin +12V da GND a jikinsa, sannan REM da GND. Wanda babu 12 V a cikinsu shi ne mai laifi.

PROTECT ta kama tun daga kunnawa: cire wayoyin lasifika duka. In ta mutu, akwai waya da ta taɓa ƙarfe ko nadi da ya ƙone; mayar da su ɗaya bayan ɗaya. In ba ta mutu ba, ciwon a cikin ampilin yake. In kuma sai bayan minti ashirin yake ɗaukewa, zafi ne, ko om ya yi ƙasa.

Kuka mai tashi da sauka tare da totur: fara da mas. In yana nan, zare RCA daga ampili. Kukan ya tafi, to daga rediyo ko wayar RCA yake. Gwada wata wayar a shimfiɗe kan kujeru, ka kuma sake wa rediyo mas mai kyau. Cajar waya mai arha a soket ɗin sigari ma tana kawo irinsa.

Fitilun gaba suna lumshewa da kowane bugu: auna wuta a bakin ampili kiɗa yana tashi. In a batir akwai 13.8 amma a ampili 12.5, waya ko kos ne. In a batir ɗin ma ta faɗi, altanata ce ta gaza. Ta ƙananan motoci yawanci 70 zuwa 90 A ce, kuma AC da fitilu da fanka sun riga sun ci rabonsu. Ƙara kaurin wayoyi uku: altanata zuwa + na batir tare da fiyus, − na batir zuwa gangar mota, injin zuwa gangar mota. Babban kafasita mai lambobi masu haske ba ya haifar da wuta, ajiya yake yi ta ƙiftawar ido. In wayoyi ukun ba su isa ba, sai babbar altanata ko a rage GAIN.

Bayan mako guda ana hawa motar, cire fiyus ka bi kowane sukuru na jikin ampili da na akwatin rabawa ka ƙara matsewa, domin silin waya yana kwantawa. Taɓa gidan fiyus bayan rabin awa na kiɗa. In ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, akwai sako-sako a ciki. Ƙarshen hunturu kuma a hure ƙurar fikafikan ampili da iskar mai faci, daga nesa kaɗan.